Takardar Hana Sigari Tana Cikin Akwatina

Assalamu alaikum, mai kula da wannan shafi da masu karatu. Ku ɓoye sunana, kuma don Allah ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni, na riga na zagi kaina.

Ni duba-gari ne a Talata Mafara. Tun da aikin dam na Bakolori ya tara lebura a yankinmu, sigari ya cika ko'ina, har bakin ƙofar asibiti ana sayar da shi kara-kara, masu tari na shiga, hayaƙi na bin su. Ni da wata ungozoma da muke kira Hajiya muka ce sai an yi doka. Wata uku muna yawo, Garbadu, Birnin Tudu, har Damaga, muna yi wa mutane bayani, mai iya rubutu ya sa hannu, wanda bai iya ba ya dangwala yatsa, muna roƙon ƙaramar hukuma ta hana sayar da taba kusa da asibiti da makaranta. Ni aka damƙa wa takardar in kai wa sakatare.

Ban kai ba. Tana cikin akwatina yau wata huɗu.

Ruwan dam ya cinye fadamar mahaifinmu, ɗan filin da ya rage mana kuwa taba yayana ke nomawa a ciki, da ita yake riƙe da mahaifiyarmu da iyalinsa. Da ya ji labari ya same ni ya ce, "Kai albashi gare ka. In masu sayen ganye suka ji ƙanena ne ya kai wagga takarda, wa zai sake ba ni iri?" Na ce, "Yaya, dokar ba ta taɓa gona ba." Ya ce, "To je ka gaya musu haka." Me zan ce wa mutumin da ya bar makaranta don ni in yi?

Kullum Hajiya ta tambaya sai in ce, "An kai, suna dubawa." Har zagin kansiloli take yi a gabana, ina taya ta. Abin da ke ƙona mini rai, wani dattijo na Damaga da huhunsa ya riga ya lalace, wanda na riƙe masa hannu ya dangwala, ya zo karɓar magani ya ce, "Malam, yatsana ya yi aiki kuwa?" Na ce ya yi. Wane irin ma'aikacin lafiya ne ni?

Jiya Hajiya ta ce haƙurinta ya ƙare, ranar Litinin za ta je wurin sakatare da kanta, kuma in raka ta. In na fito da takardar, na tona wa kaina asiri, na kuma juya wa yayana baya. In na ce ta ɓace a ofis, wani akawu da bai san komai ba zai sha laifin.

Saura kwana uku. Jama'a, me zan yi?