Inna Ta Ce a Kore Ta, Amma Kullum Tana Leƙen Taga

Malam, don Allah ka agaza mini da shawara. Kaina ya ɗaure, ga Yayana ya matsa in yanke hukunci.

Mahaifiyarmu tela ce, da keken ɗinki ta raine mu. Tun da ta faɗi a banɗaki ta karye a ƙugu, sai ta koma zaman kujera a gefen taga, ta daina magana. Duk abin da ka ce mata, to kawai za ta ce. Keken ma mun lulluɓe shi, a kansa muke jera kwalaben magani. Ni ina zuwa aiki, Yaya yana nesa, shi ya sa muka nemi mai kula da ita a gida. Aka turo mana mata biyu mu gwada.

Ta farko ba ta da makusa. Tana zuwa kan lokaci, maganarta ƙasa-ƙasa, ta yi wa Inna wanka, ta ba ta abinci a baki, ta share har ƙarƙashin gado. Inna ta bi ta da to.

Ta biyun kuwa Rediyo muke ce mata, saboda surutu. Ranar farko ma a makare ta zo, sanye da riga mai karkatacciyar kalmasa. Inna ta kalli rigar, ta sake kallo, sai na ji muryar da na fara mantawa da ita, tana tambayar wane mugu ne ya yi wannan ɗinki. Rediyo ta ce ita ce da kanta, kuma ba ta ga aibinsa ba. Suka yi ta musu. Washegari ta zo da rigar a jaka, ta ɗora a cinyar Inna, ta miƙa mata almakashi. Malam, ina tsaye a bakin ƙofa na ga hannun nan da cokali ke gagara ya zura zare a allura. Sai da na fita waje na yi kuka.

To amma Rediyo ta taɓa barin maganin rana har yamma, kuma Inna da bakinta ta ce a kore ta, wai ba ta da kunya. Yaya ya ce a ɗauki ta farko a huta. Ni kuma ina ganin Inna tana leƙen taga tana tsaki duk ranar da Rediyo ta makara. Wa zan ɗauka?

Autar Tela

Ƙanwata Auta,

Na karanta littattafai masu kauri a kan tsufa, wasu har na kai ƙarshensu, amma ban tarar da abin da kika gani daga bakin ƙofar nan ba. Mace ta yi watanni ana yi mata komai, ba wanda yake buƙatar komai daga gare ta, sai ga wata ta kawo mata aikin da ita kaɗai ta iya a gidan. Ikon Allah ke nan.

Kada ki raina maganar Yayanki. Daga nesa tsabta da zuwa kan lokaci kawai ake iya aunawa, kuma ba ƙananan abubuwa ba ne. Maganin tsoho ba ya jiran a gama hira, kuma wanda ya taɓa karyewa, faɗuwa ta biyu ta fi muni. Ki zaunar da Rediyo, ki samu ta yi shiru in hakan zai yiwu, ki faɗa mata cewa magani da lokacin zuwa ba abin wasa ba ne. Ki tsaya ki ga yadda take ɗaga Inna daga kujera zuwa banɗaki. Ki kira gidajen da ta yi wa aiki a baya ki ji ta bakinsu. In ta gaza a nan, ki sallame ta ko da Inna za ta yi kewarta.

In ta tsallake, ita za ki ɗauka. Makara da mantuwa ana gyara su da agogo da sa ido, amma abin da ya sa Inna ta buɗe baki ban san inda ake koyar da shi ba.

Sai dai ɗakin na Inna ne, jikin ma nata ne. Ki same ta ku biyu, ki shaida mata da gaske cewa in ta sake cewa a kori Rediyo, gobe ba za ta dawo ba. In ta nanata cikin natsuwa, ki bi umarninta. In kuwa ta hau ki da faɗa a kan gaggawa, kin samu amsa, sai ki kira Yaya ki sa masa wayar ya ji muryar uwarsa da kunnensa.

Allah Ya ƙara wa Inna lafiya da ƙarfin murya, Ya saka miki da alheri.