Wadda Mai Tudu Bai Ji Kukanta Ba

Ni ce Setsu, matar marigayi Genzo Kuwabara na ƙauyen Ushirodani. Shekarata tamanin da huɗu. Ƙafafuna sun mutu tun bara, amma kaina garau yake, jiya ma sai da na gyara wa likita adadin ƙwayoyin da ya ba ni. Don haka kada wani ya ji wannan takarda ya ce tsohuwa ta fara sambatu. Da kai nake, Noboru.

Ku uku na rubuta wa: Tatsuo, Mitsue da Noboru. Ba sai bayan raina za a buɗe ta ba. Yau za ku karanta, da kun gama abincin rana na bikin magabata, ina kwance a ɗakin baya. Tatsuo ya karanta da ƙarfi, kuma kada wanda ya turo mini ƙofa sai an kai ƙarshe.

Na ɗaya. Gida da fadamun shinkafa biyu na Tatsuo ne, shi ya zauna ya sha wahalarsu. Kurmin bayan gida na Noboru ne. Na san sayarwa za ka yi, to sayar, amma ka bar itacen bakin rafi. Babanku ya dasa shi ranar da aka haife ka, yana ta sharɓar hawaye kamar shi ya yi naƙudar.

Na biyu. Gangunan da nake jiƙa kayan lambu na bar wa Sumie matar Tatsuo. Shekara talatin da biyar ina ce mata gishirin ya yi yawa, tana cewa "to, Iya", tana ƙarawa. Ta riƙe ni da kyau tun da na kwanta. Ta zuba yadda take so.

Na uku. Adakar da ke ƙarƙashin bene ta Mitsue ce. A ciki akwai jar rigar nan mai zanen gauraki da ake lulluɓa wa jarirai mata ranar kai su tudu, da ƙananan akwatuna biyu na ajiyar cibiya. Ɗaya naki ne, Mitsue. Ɗayan na Kayo ne, wadda kuka zo duniya tare, ta koma tana da kwana talatin da biyar. Wannan kun sani, sunanta yana kan allon magabata. Sauran ne ba ku sani ba.

Dukanku kun ga yadda ake yi. 'Ya mace ta cika kwana talatin da uku, kakarta ta wajen uba ta rungume ta, a ɗaura musu rigar, a hau matakala ɗari da takwas zuwa ɗakin Mai Tudu, abin bautar ƙauyenmu. Mai hidima ya karanta sunan, kaka ta mintsini jaririya ta tsala ihu. Da wannan kukan Mai Tudu yake haɗa suna da murya, ya san tasa ce, ya tsare ta tana raye, in ta mutu ya nuna mata hanya.

Shekarar da na haifi tagwayen nan dusar ƙanƙara ta kai ƙirjin namiji. Ranar kai su tudu Kayo ta tashi jiki kamar garwashi, ƙirjinta na kakari, ko kukan kirki ba ta iya yi. Uwar mijina, Kaka Tome, ta leƙa ta sau ɗaya, ta ja ni bayan murhu ta ce, "Ke Setsu, wannan in ta shaƙi iskar tudu gawa zan sauko miki da ita. Miƙo mai lafiyar. Sunan marar lafiyar za a karanta, ita ke buƙatar tsaro. Wannan ɓulɓul ɗin sai a kai ta in sanyi ya wuce."

Na ce, "Iya, ai yaudara ke nan."

Ta ce, "Yaudarar me? Fuska ɗaya, murya ɗaya. Ke da kika haife su ma sai kin duba zaren hannu kike bambancewa. Yi sauri, rana na yi."

Da hannuna na lakato baƙin tukunya na ɗiga miki a goshi, Mitsue. Muka bar Kayo a hannun babanku, shi a ransa ke za a kai da sunanki, har ya mutu kuwa haka ya sani. Ni mai jego ba ni da ikon wuce jar ƙofar da ke gindin matakala, a nan na tsaya ina rawar ɗari. Can sai na ji ƙararrawa, na ji ganga, sannan na ji kin callara ihu daga sama har tsuntsaye suka tashi. Na yi murna, 'ya'yana. Na ce Kayo ta tsira.

Kwana biyu ta ƙara. Da sanyi ya wuce na tuna wa Kaka Tome alkawarinta, ta zare mini ido ta ce, "In muka kai Mitsue da sunanta, Mai Tudu ya ce wa kuka kawo mini kwanan baya, ke za ki amsa?" Na yi shiru. Shirun nan ne ya kai shekara hamsin da takwas.

Ga yadda abin ya tsaya ke nan. Mai Tudu yana da sunan Kayo da muryar Mitsue. Sunan Mitsue bai taɓa shiga kunnensa ba, muryar Kayo ma haka.

Mitsue, kina shekara uku muka yi miki kwalliya za mu hau neman albarka. A bakin jar ƙofa kika turje, kika riƙe zanena kika ce, "Mama, wa ke kiran Kayo? Kuma ni yake kallo." Rana tsaka, ba kowa a matakala. Na ɗauke ki muka juya gida na ce wa mutane ciki ne ya murɗe miki. Daga baya sau biyu ina ganinki a daidai wurin, kina budurwa, kin waiga kin ce "na'am" ba wanda ya yi magana. Ba ki taɓa tambayata ba, ni ma ban taɓa ce miki na gani ba.

Ranar da na kai Makoto, ɗan farin Tatsuo, na mintsine shi ya yi kuka, sai wani kukan ya amsa daga ƙasa, daga gindin matakala. Siriri, mai kakari, irin na wanda numfashi bai isa ba. Sumie ta kama hannun rigata ta ce, "Iya, kyanwa ce ko?" Na ce kyanwa ce. Ba kyanwa ba ce, Sumie, kin kuma sani, don na ga tsigar hannunki ta tashi. Jikoki biyar na kai tudu, sau biyar tana amsawa. A nan take tsaye tun ranar da ta mutu, inda ni na tsaya, ba ta da ikon wucewa don ba a san ta ba.

Na huɗu. Tatsuo, rigimarka da Mitsue ta ƙare yau. Shekara talatin da uku kana cewa girman kan 'yan birni ne ya hana ta hawa tudu ranar ɗanka, ta tsaya a mota tana kallon ƙasa. Ba girman kai ba ne. Tsoro ne, kuma ni na saka mata shi. In kana neman wanda za ka yi wa fushi, ga ni a ɗakin baya, ba inda za ni.

Na biyar, shi ne dalilin gaggawar. Gida shida suka rage a Ushirodani. Ranar ashirin ga wata na goma za a ɗauke Mai Tudu a kai shi babban gidan bauta na cikin gari, a rufe ɗakinsa, daji ya cinye matakala. Daga ranar, ko Kayo ta samu ta hau ba wanda za ta tarar. Kun kuma san in na mutu, kwana hamsin ba ɗan gidan nan da zai wuce jar ƙofa. Likita ya ce da wuya in ga girbi. Ku ƙirga da kanku. In kuka jira ni, ni ce zan sake tare mata hanya.

Na riga na yi magana da Iwase mai hidima, jikan wanda ya karanta sunan a wancan lokacin. Da ya zo duba ni na gaya masa komai. Ya goge gilashinsa ya ce, "Iya, ai matacce ba ya shiga ɗakin Mai Tudu." Na ce, "Ɗan nan, buɗe littafin kakanka. Wa ya taɓa gaya wa Mai Tudu Kayo ta mutu? A wurinsa tana nan da ranta, har ta yi jika." Daga ƙarshe ya amince. Zai jira ku jibi da ƙarfe goma na safe.

Na shida. Ga yadda za ku yi. Mitsue ta rungumi akwatin cibiyar Kayo a ƙirji yadda ake rungumar jariri. Sumie ta ɗiga wa murfin baƙin tukunya, ta lulluɓa musu jar rigar, ta ɗaure igiyar a bayan wuya. Noboru ya riƙe lema ya kama bakinsa, in dariya ta zo masa ya haɗiye. Tatsuo ya tsaya a damanta. Mitsue, a bakin ƙofa za a kira ki da sunan da ba naki ba. Kada ki amsa, kada ki waiga, ki ci gaba da hawa.

Iwase zai fara karanta sunanki. Yana rufe baki, Tatsuo, ka mintsine ta a dantse, da gaske, ai ka daɗe kana so. Ke kuma ban da dauriyar nan taki ta gado. Ki buɗe baki ki yi kuka har a ji a rafi. Ina ganin ba zai yi miki wuya ba.

Na bakwai, nawa ne. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye muku ba. Tun da aka sa ranar rufe ɗakin, kukan ya bar gindin matakala. Da farko daga bakin gada nake jin sa, sannan daga ƙofar gida. Makon jiya da la'asar, Sumie tana fadama, na ji tabarma ta lotsa a haguna, wani ɗan ɗumi ya jingina da haƙarƙarina yana kakari. Ban buɗe ido ba. Ba fushi take yi ba, na san 'yata. Gajiya ta yi. Mitsue, ki yafe mini, na ara muryarki ban mayar ba. Kayo kuwa zan roƙe ta da bakina, in ta samu hanyar da za mu haɗu.

Mai Tudu ya tsare ku duk inda aka kai shi, ya tsare 'ya'yanku da waɗanda ba a haifa ba tukuna. Shinkafarku ta yi ido, gidajenku su cika da hayaniya. Kowace shekara ku taru a gidan nan ranar bikin magabata, ko da rufin ya fara yoyo, ku yi faɗanku a teburi ɗaya. Ku huɗu na haifa, kada a sake ƙirga ku uku.

Saura abu ɗaya, Mitsue. Akwatin ba shi da nauyi, bai kai ƙwai ba. In kina hawa kika ji hannunki ya fara sagewa, kika ji ɗumi a ƙirjinki, kada ki ɗaga rigar ki leƙa, kada kuma ki sauke. Ki tallafe mata kai. Iwase zai karanta sunanta bayan naki. In ya karanta kika ji shiru, to barci ya ɗauke ta a hanya, dama haka take, da an rungume ta sai barci.

Ki sa hannu ƙarƙashin rigar ki mintsine ta. Na sa an buɗe mini tagar da ke kallon tudu, ina saurare.