Suwic Ɗaya Kafin Goma Sha Biyu

Kawu Labo,

Assalamu alaikum. Yau shekara uku da wata biyar rabona da Cadawa. Yaya gareji? Yaya ƙafar Inna Balkisu? A gaishe min da Hamdiya.

Ina nan Aljeriya lafiya, a masana'antar siminti. Ƙurar siminti ce dai ta ɗan zauna min a ƙirji, kada Inna ta ji.

Kawu, godiya ce ta sa na rubuto. Ka tuna ranar da ka maida ni kasuwa a ƙafa, don na sayo kayan moto ban tafi da tsohon na gwada ba? Na daɗe ina ƙullace da kai. To, watan jiya aka ce in zaɓi suwic goma sha biyu, akwatunan da ke haɗa kwamfutoci da injunan tanderu. In tanderu ya tsaya, ni baƙo za a fara sallama. Shef, wato shugaban sashenmu, ya nace kan masu araha, irin na ofis. Na ce a kawo ɗaya tukuna, in haɗa da tsofaffin na'urorinmu. Kafin minti arba'in, saƙon zafin tanderu ya fara makara. Muka koma irin da maƙeran injin suka yarda da shi.

A taro shef aka yaba. Abin ya ci min rai, amma gaskiya da ya hana gwajin, da yanzu ina hanyar gida. An sabunta min kwantiragi.

Allah ya saka maka. Na tara hutun kwana arba'in da ɗaya, ban taɓa ko ɗaya ba. Na zuwa gida ne lokacin girbi.

Ɗanka,
Lurwanu