Lambata 30031

Daren Laraba, 12 ga Yuni, Bagudo

Shekara arba'in ke nan da aka ba ɗan wani mai hali gurbina na karatun lissafi a jami'a, aka bar ni da lambar jarrabawa kawai: 30031. Tun lokacin nake gaya wa 'yan majalisarmu cewa lambata ba ta rabuwa sai da ɗaya ko da kanta. Da ita nake ɗaga kai. Har masu sayen shinkafata a kasuwar Dole Kaina sun sha ji.

Yau 'yata Hadiza, mai koyarwa a Bahindi, ta zo, na sake faɗa. Ta danna wayarta ta ce, "Baba, mi ya hana ka gwada hamsin da tara?"

Na ce wayar ƙarya take yi. Da ta fita na ɗauki biro. 59 sau 509, daidai, babu saura. Sau uku na yi.

Na lalubo tsohon littafina da na gwada raba lambar a ciki. Ashe a 53 na tsaya, ranar da sunayen waɗanda jami'a ta ɗauka suka fito. Gajiya ce ko haushi? Ban gane ba, kuma ban san wa zan zarga ba. Gurbin ƙwace min aka yi. Lambar kuwa yau ta rabu.