An Riga An Raba Goro

Birnin Gwari

Habibullahi ɗan ƙanwata,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mustapha tela ke rubuta mini, na kuma ce kada ya tausasa ko kalma ɗaya.

Da ka ce za ka Zariya ƙaro karatun cututtukan gado, wai likitocin iyali irinka duk suna nema, ni na sa maka albarka. Ashe wuƙa na tura ka wasawa. Ka zo hutu, ka ɗebi jinin 'yata Rukayya da na Naziru ɗan ƙanena Nababa, ka ja su ɗaki ka gaya musu abin da ka gani, ni ina zaure kamar buhun gawayi. Yanzu sun ce sun fasa auren. Goro ya kai har Damari!

Ka manta ranar da aka ɗauko ƙanena Nababa daga dajin nan da harsashi a ciki? Hannuna ya riƙe, ya ce in haɗa ɗansa da 'yata. Yaran ma suna son juna. Me zan ce masa gobe kiyama?

Allah ya shirye ka.
Kawunka, Bakoji

Zariya

Kawu,

Ina gaisuwa a durƙushe. Allah ya huci zuciyarka.

Abin da aka koya mana shi ne, mai jini ake fara gaya wa sakamakonsa. Wallahi ban ce su fasa ba. Dukansu suna ɗauke da sikila a jini ba tare da tana damunsu ba, amma duk cikin da suka samu ana iya haifar mai ciwon. Rukayya ce ta tambaye ni ko shi ne ciwon marigayi ƙanenta Auta, mai kukan ƙasusuwa duk damina. Na ce ga dukkan alamu shi ne.

Ka gaida mutanen gida.
Ɗanka, Habibullahi

Birnin Gwari

Likita,

Na ji gaisuwarka.

Auta a bayana na goya shi har Kazage neman magani. Sunansa ya fi ƙarfin bakinka. Da ni ka fara samu, da bakina zan warware, in san yadda zan dubi mutane. Yanzu a kasuwa cewa ake yara sun juya Bakoji.

Jikokina na nan, uwayensu sun dame ni a gwada jininsu. Ka zo da allurarka ka ɗebi nasu. Ka bi ta ƙofar baya, kada ka biyo mini ta zaure.

Wassalam.
Bakoji