Tutar Wa Sumayya Za Ta Yafa

Laraba da dare, cikin Sha'aban, unguwar Waziriyya

Yau mun kalli gasar sulɓi kan ƙanƙara a talabijin. Wata ƙaramar ƙasa ta turo matasa uku kacal. Ɗayarsu ta faɗi sau biyu, ta zo ta ƙarshe, amma ta yafa tutarsu tana taƙama kamar amarya. Na yi mata dariya, ni da ban san ƙanƙara ba sai a kofin lemo.

Sai 'yata Sumayya ta ce, "Baba, in ni ce, tutar wa zan yafa?"

A Karantina aka haife ta, nan ƙasa mai tsarki inda haihuwa ba ta sa ka zama ɗan ƙasa, an kuma rushe unguwar. Fasfonta na Sudan ne, ba ta taɓa zuwa ba. Kakanta Bakano ne.

Na ce, "Yalla, maza fara koyon faɗuwa tukuna."

Ba ta yi dariya ba. Duk karatun da nake taƙama da shi, har yanzu ban samo mata amsa ba.