Ƙorafi Kan Injiniyoyi Uku da Suka Gwada Layi Daga Falonmu

Daga:
Sannu-Sannu, mai wanki da guga,
Gida na 14, layin bayan gidan mai.
Lambar hulɗa: 40-7713, da sunan mahaifina aka buɗe.

Zuwa ga:
Mai Girma Manajan Sashen Ƙorafe-ƙorafe,
Kamfanin da ke ba mu intanet,
Ofishin reshe, hawa na biyu.

Talata, 14 ga Oktoba, 2025.

Game da: Rashin ganin sabar wasanmu daga wajen gida, da takardu uku da suka ce an gyara.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan kana lafiya tare da iyali da ma'aikata, ina neman izini in kawo kukana. Karatuna bai yi nisa ba, kuma ni ba mai hayaniya ba ne. Idan an ga kuskure a yi mini afuwa, sau biyu na sake kwafe takardar nan.

Mahaifina tsohon direban tirela ne, shekara talatin da ɗaya yana kan hanya kafin ciwon ƙafa ya zaunar da shi. Yayana yana aiki a nesa. Su biyun ba su iya hira a waya ba: Baba ya ce lafiya, Yaya ya ce lafiya lau, sai a miƙa wa Inna. Amma akwai wasan tuƙin tirela na kwamfuta, wanda mutum biyu ke ɗaukar kaya su bi hanya ɗaya, kowa daga inda yake. Na ɗora masaukin wasan, wato abin da ake ce wa saba, a tsohuwar kwamfutar da ke ƙarƙashin teburin gugata, na nemo wa Baba sitiyari na gwanjo. Kowace Lahadi ƙarfe huɗu sukan yi awa biyu suna tuƙi suna hira, Baba yana yi wa Yaya faɗan taka birki. A cikin motar nan suka shirya wani saɓani da ya shekara biyu tsakaninsu, wanda ba zan kawo shi ofis ba.

Ga abubuwan da suka faru:

1. Ranar Talata, 2 ga Satumba, ma'aikatanku suka canza mana rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida. Sabuwar tana da kyau, fitilunta har huɗu. Amma tun ranar Yaya bai sake ganin sabarmu ba. Na cikin gida yana ganinta sarai, na waje ba ya gani. Ina roƙon a riƙe wannan maganar, don ita ce duk matsalar.

2. Ban zo ofis da hannu rabbana ba, sai da na yi nawa. Na duba katangar tsaro ta kwamfutar, na ba wasan izinin wucewa. Na shiga shafin rauta da lambar sirrin da ke manne a ƙasanta, na buɗe fot, wato ƙofofin da na waje ke shigowa ta cikinsu, 27015 da 27016, iri biyun da ake da su, don ban san wanda ake so ba. Daga baya na gano duk sanda aka ɗauke wuta aka kawo, rautar takan sake raba wa kayan gida lambobi, ashe mako guda ina tura Yaya cikin wayar Inna. Wannan laifina ne, na amsa, kuma na kafe wa kwamfutar lamba ɗaya. Baiwar Allah da ke amsa wayarku ta ce in kashe in kunna. Na yi sau goma sha tara, har Inna ta ce ko jariri ba a kwantar da shi a tashe shi haka.

3. Ranar Alhamis, 11 ga Satumba, injiniya na farko ya zo. Ya zauna a falo, ya nemi lambar wayfai ɗinmu, ya shiga, ya ga saba, ya ce ai ga ta nan. Na gaya masa a hankali cewa daga waje ne ba a ganinta. Ya ce shi gida na 14 aka aiko shi, ba waje ba. Baba ya miƙa masa sitiyari, ya jefa tirela cikin rami da kayan mutane, ya sa hannu a takarda cewa an gyara.

4. Na biyu ya zo ranar Laraba, 24 ga Satumba, ya zauna a kujerar da na farko ya zauna, ya yi abin da na farko ya yi. Shi dai ya iya shan kwana da tirela, Baba ya yaba masa. Na uku kuwa, ranar Litinin, 6 ga Oktoba, ko jakar aiki bai riƙo ba. Ya ce a ofis ya ji labarin wani tsoho da ba a iya kayar da shi a ribas, shi ne ya karɓi aikin. Ya kai awa uku, ya ci abincin rana, na goge masa rigar kamfani yana zaune da singileti. Mutumin kirki ne, ba na so a taɓa aikinsa. Amma shi ma ya sa hannu.

5. Maƙwabciyarmu mai gyaran waya ce ta gwada daga shagonta da datarta, ba ta ga komai ba. Ta nuna mini cewa lambar adireshin da ke shafin rautarmu tana farawa da 100, wadda duniya ke gani kuma wata ce daban. Ta ce kun haɗa gidajen layinmu duka a bayan adireshi ɗaya, don haka wanda ya zo daga waje a wurinku yake tsayawa, babu mai nuna masa gidanmu. Ta ce fot ɗin da na buɗe kamar mai haya ne ya share ɗakinsa ya shimfiɗa wa baƙo tabarma, alhali mai gida ya kulle get ya tafi da makulli. Ban san ko haka ne ba, ku ne masana. Amma ita kaɗai ce ta duba daga waje.

6. Wannan shi ne ya fi mini nauyi. Baba mutum ne mai yarda da takarda, domin takarda ce ta wuce da shi kowane shingen hanya tsawon aikinsa. Takardunku uku suna cikin akwatin da yake ajiye lasisinsa. A lissafinsa, injiniya uku masu yunifom sun ce layi lafiya yake, saboda haka idan Yaya bai zo ba, to bai ga dama ba ne. Na yi bayani, ya tambaye ni wa ya sa hannu a bayanin nawa. Shi kuma Yaya yana zargin ni na toshe shi, don ya taɓa goge mini mota a kan gada a cikin wasan. Ba zan yi haka ba, ko da yake gogewar ta yi muni. Lahadi shida ke nan Baba yana sa hularsa ƙarfe huɗu, ya tayar da mota, ya faka a bakin tasha yana jira har shida. Shekaranjiya da ya kashe injin, bai dube ni ba ya ce, "Idan tsohuwar maganar nan ce ta dawo masa, ya faɗa mini, ni zan ba shi haƙuri." Ranka ya daɗe, na koma ɗakin guga na ƙona kwalar rigar mutane.

Ranar Litinin, 27 ga wannan wata, za a mayar da Yaya wurin aikin da babu layi ko kaɗan, wata takwas. Lahadi biyu suka rage mana, 19 da 26.

Saboda haka nake roƙo cikin ladabi:

Na ɗaya, a ba gidanmu adireshinsa shi kaɗai, ko a buɗe mana hanyar daga wurinku, kafin ranar 19.

Na biyu, injiniyan da za a aiko ya tsaya a tsallaken titi, gaban shagon mai aski, ya gwada da datarsa. Zan kai masa kujera da ruwa can. Kada ya shigo falo sai an gama, domin idan ya haɗa ido da Baba, aikin ya tashi.

Na uku, a rubuto wa mahaifina takarda ta huɗu, mai hatimi babba, a ce matsalar daga kamfani take, ba daga ɗansa ba. Ko da gyaran zai makara, ina roƙon wannan kada ta makara.

Ina godiya da haƙurin karanta wannan doguwar takarda. Allah ya ƙara girma, ya sa a gama lafiya.

Naka mai biyayya,

(sa hannu)
Sannu-Sannu,
ƙaramin ɗan mai lambar hulɗa 40-7713.